SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI

Jawabi ga masu sana'a da 'yan kasuwa

Na san waɗansunku daga gona suka taso, waɗansu kuwa daga kasuwa, ko hutawa ba su yi ba. Saboda haka zan yi magana dalla-dalla, yadda kowa zai gane.

Maganarmu ta yau a kan ciniki ce. A cikinku akwai manoma, akwai masu tebur, akwai maɗinka da maƙera da masu kiwo, akwai mata masu suyar ƙosai da masu matsar man gyaɗa. Kowa yana da abin da ya ke sayarwa, don haka maganar ta shafi kowa.

Akwai wata cuta da ke kashe ciniki. Ba ta da zafi, mai ita ma bai san yana da ita ba. Cutar nan ita ce kallon wuri ɗaya, watau mutum ya ƙura ido ga abin da ya saba, ya ƙi duban gefe, ya ƙi jin ta kowa.

Ku dubi mai haƙar rijiya. In ya yi gaba goma a ƙasa ya ɗaga kai, sama ƙanƙanuwa zai gani, kamar faifai. In ka tambaye shi, sai ya ce gari garau ya ke. Ba ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan. Amma wanda ke bakin rijiya yana jan guga ya hango hadari ya taso daga gabas. In na ƙasa ya ce, "Kai, rufa mini baki, na fi ka sanin aikina," to, ruwa zai same shi a cikin rami. Mai ciniki ma haka ya ke. Iyakar nitsewarsa cikin sana'a, iyakar bukatarsa ga wanda ke waje.

Auduga da gyaɗa

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a Kano zamanin kakanninmu.

A Ingila akwai wani gari, ana ce da shi Mancesta. A lokacin nan garin masu injin saƙa ne, kullum suna neman auduga. A shekara ta 1902 suka kafa wata jam'iyya don ta sa a noma auduga a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Sun ji labari ƙasar Hausa ƙasar auduga ce. Gaskiya ne kuwa. Tun a 1851 wani Bature mutumin Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a Kano ana kai su har Tambutu da Tarabulus.

Saboda haka suka ce a ransu, da zarar hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano, auduga za ta malalo musu kamar ruwa. Suka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta don ɗaukar kaya a 1912. Suka zauna suna jira.

Kaka ta yi, sai ga jakuna da raƙuma sun nufo tasha. Amma abin da suka ɗauko gyaɗa ce. Gyaɗa ta cika tasha, har jirgi ya kasa kwashewa, aka jibge ta a fili. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya wajen tan 2,500 ce. A 1913 ta wuce tan 19,000.

Me ya sa haka? Manomi ya yi lissafinsa. Na farko, ƙasar Kano jigawa ce, gyaɗa tana son ta. Na biyu, ana shuka gyaɗa tsakanin gero da dawa, tana kuma ƙara wa gona ƙarfi. Na uku, in shekara ta yi wuya ana cin gyaɗa, a matsi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a ba dabbobi harawa. Auduga fa, wa ya taɓa cin ta? Na huɗu, masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada fiye da kuɗin da mutanen Mancesta suka yanka. Wa zai bar mai saye da tsada a ƙofar gidansa, ya kai wa mai saye da araha? Na biyar, a lokacin nan a Turai ana neman man gyaɗa ƙwarai don yin sabulu da wani irin mai da su ke shafa wa burodi, saboda haka kuɗinta ya yi kyau.

Duk abubuwan nan biyar ba asiri ba ne. Kowane manomi ya san na farkon huɗu. Da mutanen Mancesta sun zauna a gindin bishiya da manoma da masaƙa sun saurara, da sun ji. Amma idonsu yana kan injinsu, abin da inji ke so kaɗai suka gani. Daga baya auduga ta yi kyau a ƙasashen da suka dace da ita, kamar Zariya da Funtuwa da Gusau. Kano kuwa ta zama ƙasar gyaɗa.

To, su wa suka ci riba? Fataken goro. Mutane irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun san ƙauyuka, sun san manoma, sun kuma saurari abin da kamfanonin Turawa ke nema. Suka aika yaransu ƙauye-ƙauye suna sayen gyaɗa. Masu kunne biyu ke nan, ɗaya a gona, ɗaya a kanti.

Alhasan Ɗantata

Kun san sunan Alhaji Alhasan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877. Da fataucin goro ya fara. A da, fataken goro da ƙafa su ke zuwa Gwanja, ayari guda, da madugu da jakuna, su yi wata da watanni a hanya. Haka iyaye suka yi, haka kakanni suka yi. Shi kuwa da ya zauna a ƙasar da a yau a ke kira Gana, ya ga jiragen ruwa suna kai da kawowa a bakin teku. Sai ya shiga aika goro ta ruwa zuwa Ikko. Hanya ta gajarta, goro ya isa da ɗanyensa.

Da gyaɗa ta samu kasuwa, bai ce shi ɗan goro ne, ba ruwansa da gyaɗa ba. A 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Da sunansa a ke tunawa da dalar gyaɗa ta Kano, buhu bisa buhu har sama. Duk da haka bai saki sauran hajja ba, yana cinikin goro da shanu da tufafi. Kafin ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Amma ku ji ƙarshen labarin gyaɗa, don akwai darasi na biyu a ciki. Da aka daɗe ana cin ribarta, mutane da yawa suka ɗauka ba ranar da za ta ƙare. Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗa, wadda waɗansu ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Gyaɗa ta tsugune, ganye ya murɗe, ta ƙi 'ya'ya. A cikin shekarun nan dala ta ɓace, sai a hoto. Wanda ya ɗora gidansa duka a kan gyaɗa ya sha wuya. Wanda ke da wake, ko tumaki, ko wata sana'ar rani, ya samu abin dafawa. Kun gani, abin da ya kama mutanen Mancesta a kan auduga, shi ya dawo ya kama namu a kan gyaɗa. Cutar ba ta zaɓen fata.

Mai mota baƙa

Yanzu mu leƙa Amurka. Akwai wani mutum, Henry Ford, gwanin ƙera mota. A 1908 ya fito da wata mota mai ƙarfi, mai araha, mai sauƙin gyara. Talakawa suka saya. Kafin a daina yin ta, an sayar da fiye da miliyan 15. Daga 1914 zuwa 1925 baƙa kaɗai ya ke yi, ba ja, ba kore.

Sannu a hankali hanyoyi suka yi kyau, mutane suka samu kuɗi, sha'awarsu ta sake. Wani kamfani, General Motors, ya shiga yin motoci iri-iri, launi-launi, yana kuma ba mutane su biya kaɗan-kaɗan. Masu saye suka fara komawa can. Dillalan Ford suka yi kuka. Ɗansa na cikinsa, Edsel, ya roƙe shi ya sake fasali. Ya ƙi. A farkon 1926 wani babban ma'aikacinsa, Ernest Kanzler, ya rubuta masa takarda, ya gaya masa gaskiya cikin ladabi. Kafin shekarar ta ƙare, mutumin nan ya bar aiki.

To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A 1927 tilas Ford ya tsai da motar nan, ya rufe ma'aikata wajen wata shida, kafin ya fito da sabuwa. Abokan gasarsa suka wuce gaba. Ford ba wawa ba ne, ba kuwa rago ba. Nasarar da ya samu ita ce ta toshe masa kunne.

A ƙasar Japan kuma akwai kamfanin Toyota, wanda motocinsa suka cika tashoshinmu. Tun 1951 suka kafa wata al'ada, kowane ma'aikaci yana iya kawo shawarar gyara, a kuma duba ta. A wurin haɗa mota akwai igiya ko maɓalli kusa da kowa. In ƙaramin ma'aikaci ya ga aibu, sai ya ja igiya, fitila ta kama, shugaban sashe ya zo. In ba a gyara nan take ba, aiki ya tsaya. Ba a hukunta shi, don sun gane mai ɗaure ƙusa yana ganin abin da manaja ba ya gani daga ofis. A 2023 sun sayar da mota fiye da miliyan 10.

Abin da ke kawo cutar

Abu huɗu ne.

Na ɗaya, sabo. "Haka na tarar da babana yana yi."

Na biyu, riba. Wanda ya yi asara yakan yi tambaya. Wanda ke cin riba kuwa yakan ga ba wanda zai koya masa kome.

Na uku, girman kai. Mutum ya ga ƙasƙanci ne ya karɓi magana daga yaro, ko daga mace, ko daga baƙo.

Na huɗu, 'yan amshin shata. In maigida mai faɗa ne, yaransa sai su koyi faɗin abin da ya ke so. Kome ya ce, sai su ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ga mutum goma a shago, amma ido ɗaya ne.

Wa za ka tambaya?

Wani zai ce, "Malam, ni ba ni da kamfani, tebur gare ni." To, tebur ma yana da gefe huɗu, kai kuwa gefe ɗaya ka ke zaune. Ga mutum shida da ya kamata ka saurara.

*Mai saye.* Ka saurari wanda ya saya. Ka fi sauraron wanda ya taya, ya ajiye, ya tafi. Ka ce, "Malam, me ya hana?" Ko tsada ce, ko mudu ne bai cika ba, ko ƙuda ne ya gani a kan kaya. Duk abin da aka tambaya ba ka da shi, ka rubuta a ɗan littafi. In mutum biyar sun nemi ashana a mako guda, ai littafi ya gaya maka abin da za ka saro.

*Uwargida.* Ita ke dafa hatsin da ka ke sayarwa. Ta san wace dawa ce ke yin tuwo mai kyau, wace shinkafa ce ke da tsakuwa. Tana jin abin da mata ke faɗi a gidan biki, wanda ba za a faɗa a gabanka ba. Ke ma mai sana'ar cikin gida, ki tambayi mai kai miki kaya kasuwa abin da masu saye ke cewa.

*Yaron shago.* Shi ke tsaye sa'ad da ka tafi masallaci ko gona. Shi ya san kayan da ke tafiya da wanda ke kwantai. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Amma allurar da ta faɗi ƙasa, sau da yawa yaro ke tsinto ta.

*Tsoho.* Ya ga shekarar araha, ya ga ta tsada. Ya san watan da hatsi ke tashi da wanda ya ke faɗuwa. Ya ga waɗanda suka ɓoye kaya suka ci riba, ya ga waɗanda ƙwari suka cinye musu. Da tsohuwar zuma a ke magani.

*Baƙo da matafiyi.* Direban mota da ɗan ci-rani sun ga kasuwannin da ba ka je ba. Ka tambaye su yadda a ke yi a can. Ga waya kuma a hannu. Kafin ka ɗora buhu a mota, ka kira mutum biyu ko uku a Dawanau ko wata babbar kasuwa, ka ji kuɗin yau. Kada ka tsaya ga bakin dillali ɗaya.

*Abokin gasa.* In mutane sun yi layi a teburin maƙwabcinka, naka ba kowa, kada ka ce asiri ya yi. Je ka sayi kayansa, ka ɗanɗana, ka ga yadda ya ke karɓar mutane. Watakila asirin nasa sakin fuska ne da cika mudu.

Yadda a ke tambaya

Tambaya ma tana da hanya. In ka ce, "Kayana suna da kyau, ko ba haka ba?" kowa zai ce suna da kyau. Sai ka ce, "In kai ne, me za ka gyara?"

In kun zauna shawara, kada ka fara faɗin naka. Ka bar ƙarami ya fara, sa'an nan na bisansa, kai ka zo ƙarshe. In babba ya riga ya yi magana, wa zai saɓa masa?

In an gaya maka abin da ba ka so, ka yi godiya. Kada ka ɓata fuska. Ran da ka tsawata wa wanda ya kawo maka labari marar daɗi, daga ran nan ba ka ƙara jin gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma masu jam'iyyar gama kai, ko masu adashi, in za ku zuba kuɗi a wani abu, ku sa mutum ɗaya ya nemo aibun shirin. Aikinsa ke nan, kada a ce baƙin ciki ya ke yi. Ya tambaya: In damina ta ƙi fa? In kuɗin kaya ya faɗi fa? In mota ta lalace a hanya fa? Gara a ji aibu a zaure da a gan shi a kasuwa.

Ba kowace shawara a ke bi ba

Kada ku tashi daga nan ku ce na ce a bi maganar kowa. Wanda ke bin kowace iska ba ya isa gida. Ji daban, bi daban. In an ba ka shawara, ka auna ta da abu uku.

Na farko, mai maganar ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Gani ya kori ji.

Na biyu, me zai samu in ka bi? Mai sayar da taki zai ce ka ƙara taki. Mai neman bashi zai yabi hajjarka. Ka ji nasu, amma ka haɗa da na wanda ba shi da ko kwabo a ciki. In wani ya ce ka kawo kuɗi zai ninka maka cikin wata guda, ka riƙe aljihunka.

Na uku, za a iya gwadawa da kaɗan? In an ce sabon iri ya fi, ka shuka kunya goma a gefen gona, ka gani. In an ce sabuwar hajja tana tafiya, ka saro dozin ɗaya. In ta karɓu ka ƙara. In ta ƙi, asarar ba ta karya ka ba.

Bayan ka ji duka, ka auna, to, hukunci naka ne. Dukiyarka ce, kai za ka yanke. Ka yanke kuwa da wuri, kada shawara ta zama dalilin zama har kasuwa ta watse.

Jama'a, kun san yadda a ke ɗora jinka. Mutum ɗaya ya iya ɗaure ta, amma ba ya iya ɗaga ta. Sai an kira maƙwabta, kowa ya kama gefensa. Wani kuma ya tsaya nesa kaɗan yana cewa, "Ku matsa dama, ta karkace." Shi bai ɗauki kome ba, amma in babu shi ɗaki ya tashi a karkace. Shi ya sa Hausawa suka ce shawara ɗaukar ɗaki.

Ga aikin da na ba ku. Kafin mako mai zuwa, kowa ya tambayi mutum uku abin da zai gyara a sana'arsa: ɗaya mai saye, ɗaya na cikin gida, ɗaya wanda ya saba yi masa gardama. Ya rubuta amsarsu, ya zo da ita mu duba tare.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Ku sauka lafiya.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta Kano don ɗaukar kaya?
2. Faɗi dalili uku da suka sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa.
3. Me ya sami gyaɗa a 1975?
4. Don me Ford ya rufe ma'aikatarsa a 1927?
5. Da wane abu uku a ke auna shawara?